Guɗar Batulu Bayan Tiyata

Duk amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu a Lafiya kafin 2007, Batulu ce ta yi mata guɗa. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, don haka kar wani ya ce zai ba ni labarinta. Gishirin Awe take sayarwa a kasuwa, amma in ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, har 'yan acaɓa sai sun waiwayo.

A shekarar aka gano ciwon daji a cikinta. Aka yanke mata rabin tumbi a Jos, aka dawo da ita wani asibiti a Lafiya, saura kwana tara bikin autarta Ikilima.

Ciwo kam ba a magana. Allurar fetidin aka fara yi mata. Ciwon ya lafa, amma ta wuni tana sambatu, ko mijinta Babandi ba ta gane ba. Da ta dawo hayyacinta ta ce kar a ƙara. Aka gwada allurar morfin, ta kashe ciwon tas, sai dai barci ba ji ba gani, baki ya bushe, murya ta dushe. Taramol kuwa rabin aiki yake yi, ga tashin zuciya, amma yana barin ta da hankalinta.

Nas ɗinta, Sista Member, ta yi mata bayani cewa morfin ya fi dacewa da ita, kuma guɗa na iya ɓalle ɗinkin. Babandi ya ce za a ɗauko wata mai guɗa daga Doma. Wai daga Doma! Ni kaina sai da raina ya ɓaci.

"Sista, ba ni mai rabin aikin," in ji Batulu. "Na yi wa 'ya'yan mutane, ba zan yi barci a bikin tawa ba."

Ranar bikin, likita ya ba ta awa biyu ta je gida ta dawo. Da la'asar muka ɗaure mata ciki da zani, muka zaunar da ita a tsakar gida, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Da aka fito da Ikilima a lulluɓe, Batulu ta ja numfashi ta saki guɗar. Siririya ta fito, ta karye a tsakiya, ko zaure ba ta kai ba. Ikilima ta yaye lulluɓin, abin da amarya ba ta yi, ta durƙusa ta kifa kanta a ƙafafun uwarta. Ni dai kuka na yi, ba zan ɓoye ba.