Mai Duba Fitilun Unguwa

Bayan magariba, a wata sabuwar unguwar Alƙahira, wani dattijo mai rinannen gashin baki yana bin gidaje riƙe da takardar dokokin ƙungiyar masu gidaje. Da ganin tafiyarsa, tsohon ma'aikaci ne da ya rasa wanda zai yi wa tsawa.

Ya ja birki a ƙofar Hajja Tafida, inda fitilar adon watan azumi ta marigayi mijinta take rataye.

"Hajja, haskenta ya wuce doka. A sauke ta."

"To Ustaz, karanto mini dokar in ji."

Ya ɗaga takardar a ƙarƙashin ƙwan lantarkin da ƙungiya ta amince da shi, yana ƙanƙance ido, amma ko harafi ba ya gani. A hankali ya gusa wajen fitilarta.

"Matso sosai," in ji ta, "kada ka ɓata idonka."