Akuyar da Baba Yedaya Ya Karɓa

Jiya da hantsi, sha ɗaya ga watan Tishri, kashegarin Ranar Kafara, a shekara ta biyu da ƙone Haikali, Baba Yedaya ɗan Uriya ya cika a ɗakina, nan garin Fella, ƙetaren Kogin Urdun. Mun binne shi kafin rana ta faɗi. Ni ne Zabdi makiyayi. Hannuna ya fi sabawa da sanda a kan alƙalami, amma in ban rubuta wannan ba zuciyata za ta fashe.

Baba, duk wanda ya taɓa jan dabba zuwa Urushalima ya san ka. Shekara talatin kana cikin firistocin da ke duba abin hadaya kafin ya kai bagade. Ka buɗe baki ka ga haƙora, ka ɗaga ƙafa, ka ja fatar ido. Ba ka yi wa talaka tsawa. Fatun da suka zama rabonka, rabinsu a bayan gwauraye suka ƙare lokacin sanyi. In mai zunubi ya tsaya yana makyarkyata, ya kasa ɗora hannu a kan dabbarsa, kai ne kake kama wuyan hannunsa ka ce, "Danna da ƙarfi, ɗana, ba shafa ta aka ce ka yi ba. Nauyinka za ka sauke mata."

Ni kuwa na zo maka da masifa. A wata shekara ina kiwo can cikin jeji, kwanaki suka rikice mini, na hura wuta na yi sausayar tumaki ranar Asabar, ranar da Shari'a ta hana aiki, ban sani ba. Da na dawo gida na gane, sai na tarar da matata Atara a kwance da tsohon ciki, jini yana zuba. Na ce zunubina ne ya kama ta. Na zaɓi akuyar da ta fi kowace lafiya, na kama hanyar kwana uku zuwa Haikali. A hanya ƙaya ta soke ta a ido, kafin mu isa idon ya yi fari. Shari'a kuwa ta hana miƙa dabba mai aibi.

Ka ja fatar idon nan, ka gani. Na san ka gani, domin yatsanka ya tsaya. Ka dube ni, ƙafafuna sun kumbura, na ce maka matata tana bakin mutuwa, komawa gida kuwa kwana shida ne zuwa da dawowa. Sai ka saki fatar idon, ka ce, "Wuce da ita." Na danna hannuna a kanta, aka yanka, aka shafa jinin a ƙahonin bagade. Atara ta haihu lafiya. Na yi ta murna shekara ashirin, ban san abin da na ɗora maka ba.

Sai bayan Romawa sun mai da birnin toka, ka iso nan da mai ɗakinka Hulda da 'yarka Yokebed, ba takalmi, na gan ka a bakin rijiya na kawo ku gida. Har ka yi mini ba'a, ka ce, "Zabdi, har yanzu warin bunsuru kake yi." Amma abinci ba ya shiga bakinka. Wata rana muna zaune a gindin zaitun ka buɗe mini cikinka. Ka ce hadayar zunubi ta wanda ya yi kuskure ce, irina. Kai kuwa da idonka ka gani, da gangan ka miƙa wa Ubangiji abu mai aibi, kuma babu akuyar da za ka ja ta wanke wannan. Abin da ya riƙe ka duk shekarun nan shi ne Ranar Kafara, sa'ad da babban firist ke ɗora laifin jama'a duka a kan bunsuru a kora shi jeji. Kowace shekara kana bin bunsurun nan da kallo har ya ɓace, sannan ka iya barci. "Yanzu fa?" ka ce. "Ba bagade, ba bunsuru. A kan wa zan sauke?"

Ni da gidana muna bin Yesu Almasihu tun kafin yaƙi. Na gaya maka abin da na sani, da bakin makiyayi. Na ce duk jinin da ka gani yana kwarara nuni ne, ainihin Ɗan Ragon ya zo, ya miƙa kansa sau ɗaya, kuma jininsa ya isa har ga wanda ya yi da gangan. Ka girgiza kai ka ce, "Kai da ba ka iya ƙirga kwanakin mako ba, kai za ka koya wa firist kafara?" Ka yi dariya, ni ma na yi, amma na shiga garke na yi kuka. Shekara guda ina faɗa maka, ba ka ce i ba, ba ka kuma hana ni ba.

Shekaranjiya ka yi azumin Ranar Kafara da zazzaɓi a jikinka, ko ruwa ka ƙi. Hulda ta roƙe ka har muryarta ta dushe. Da gari ya waye ka kira ni, numfashinka sama-sama.

"Ɗan Ragon naka," ka ce, "an duba shi?"

Na ce an duba, Baba. Maƙiyansa ma sun duba.

"Har ido?"

Na ce har ido, babu aibi ko ɗaya.

Sai ka ɗaga hannun dama, ka buɗe tafin, ka miƙa shi gabanka inda babu komai, ka danna. Na ga jijiyoyin hannunka sun tashi kamar yadda kake koya wa mutane. Daga nan hannun ya faɗi a kan bargo, ba ka ƙara magana ba.

Baba, ban sani ba. Ban san ko ka same shi ba, ko zafin zazzaɓi ne ya mai da kai farfajiyar Haikali. Dattawanmu sun ce in kwantar da hankalina, amma ba akuyarsu ba ce, tawa ce. Ni na ja ta, ni na yi maka kallon da ya sa ka saki fatar idon.

Ya Ubangiji, mutumin nan tausayi ne ya kayar da shi, kai kuwa ka fi shi tausayi. Kada ka duba idon akuyata, ka dubi Ɗanka. Ka yi wa Yedaya jinƙai, ka ba shi hutun da ya rasa shekara ashirin da biyu. Inna Hulda, ke da Yokebed, Allah ya ba ku haƙuri, ɗakin nan naku ne muddin ina numfashi. Ya Yesu, na roƙe ka, hannun nan da ya miƙa jiya, ka sa ya zama a kanka ya sauka.