Sunan Fidelis a Akwatin Matattu

Duk wanda ya saba zuwa Misa a cocin unguwarsu a Kontagora ya san Rachel, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan ta bencin ƙarshe, dab da ƙofa, mai waya a ƙulle a bakin zani. Fada, limamin cocin, yana tsakiyar wa'azi sai ka ga ta zabura ta yi waje, jim kaɗan ta dawo fuska a murtuke, ashe kamfanin waya ne ke tallar waƙa. Da farko matan Zumunta, ƙungiyar matan cocin, sun sha yi mata faɗa. Yanzu sun bari, don sun san kiran da take jira.

A wani ƙauye bayan Salka aka haife ta. Da Kambarci ta buɗe baki, Hausa kuwa a kasuwa ta tsince ta, shi ya sa in ranta ya ɓaci sai harsunan biyu su cakuɗe. Ta auri Fidelis Sati, manomi, mai buga wa mawaƙan coci ganga, mutumin da ko akuya ta ci masa shuka sai ya gama dariya kafin ya kore ta. Damina uku ke nan da ya hau babur zai kai wa ƙanwarsa irin wake a Kumbashi, 'yan bindiga suka tare hanya. Buhun waken kaɗai aka tsinta a bakin titi. Sun kira sau biyu. A na biyun ta ji muryarsa, ya ce ta kula masa da Mama. Daga nan shiru kamar an shuka dusa.

Da ƙauyen ya watse, ta kwaso 'ya'yanta biyu, Mercy ce babbar, da uwar mijinta, Mama Salome, suka kama ɗaki a Kontagora. Shiƙa take yi a kasuwar hatsi, masara da wake da dawa, ƙaiƙayi a ido, ƙaiƙayi a wuya. Masu hatsi suna yabon hannunta, suna tsinar ƙafarta, domin mota ba ta shigowa daga wajen Bobi ko Mariga ba ta jefar da faifai ta tare direba ba. In ta ji an sako wani daga daji, ko a ina yake sai ta je da hoton Fidelis. Wani ya ce ya ga mai kama da shi yana yi wa 'yan bindigar girki. Wani ya ce sun binne wani dogon mutum mai yawan waƙa. Ta riƙe maganar farko, ta biyun kuwa ta ce ai dogaye suna da yawa a duniya.

Kowace Lahadi akan karanta sunayen waɗanda ke hannun 'yan bindiga a yi musu addu'a, kuma Fidelis yana ciki. To amma in watan Nuwamba ya ƙarato, Katikis Andarawus, mai taimaka wa Fada, yakan ajiye akwati a gaban bagade, kowa ya rubuta sunayen mamatansa ya jefa, a karanta su a Misa don Allah ya gama tsarkake su ya karɓe su. Wannan akwatin shi ne ya hana gidan Rachel zaman lafiya. Mama Salome ba ta iya rubutu ba. Shekara biyu tana roƙo, shekara biyu Rachel tana ƙi.

A ta ukun tsohuwar ta tare ta da sassafe, tana ɗaura ɗankwali za ta kasuwa.

"Maman Mercy, bana za ki rubuta min sunan Fidelis."

"Mama, wa ya nuna mana kabarinsa?"

"Babu. Amma in ya mutu fa? Kowa ana kiran sunan nasa, ɗana yana can a tsaye ba mai ce masa komai. A goye na kai shi baftisma. In bar shi haka?"

Ranar nan a kasuwa sau biyu Rachel tana zubar da waken mutane. Abin da ke cin ta shi ne tsohuwar ba ƙarya ta yi ba. In ya mutu, ita ce ta hana shi addu'a shekara uku. In kuma yana raye, da hannunta za ta binne shi. Da yamma, ko wanka ba ta yi ba, ta nufi gidan Katikis.

"Baba Katikis, a sa shi a duka biyun mana."

Andarawus ya sosa ƙeya. "'Yata, takarda ba ta ruɗa Allah, Ya san inda Fidelis yake. Mutane ne matsalar. Ranar da aka kira shi cikin matattu, washegari Zumunta za su zo miki ta'aziyya, kuma ba zan iya sake kiran sa ranar Lahadi cikin waɗanda ake jira ba. Ki je ki yi tunani."

Tunani kam ta yi shi har ta rame. Sai Mama Salome ta fara ture kwanon tuwo, ta ce ba ta son ta mutu ta je ta tarar da ɗanta yana jira a ƙofar sama saboda sakacin uwarsa. Rachel ta dubi hannuwan tsohuwar da suka koma kamar kara, ta ari biron 'yarta, ta yagi takarda. Sau uku tana farawa tana tsayawa. Da ta jefa a akwatin ba ta ko durƙusa ba, ta fice tana jin haushin kowa, har da Fidelis.

Ranar biyu ga Nuwamba coci ya cika. Mama Salome ta sa farin zaninta, ta matsa sai sun zauna a gaba don ta ji da kunnenta. Katikis yana kiran suna, jama'a suna amsawa a ba shi hutawa ta har abada. Rachel ta sunkuyar da kai, ta damƙe bakin benci, tana roƙon Allah Ya ba ta ƙarfin zama.

"Fidelis Sati."

Jama'a sun buɗe baki ke nan sai murya ta tsaga cocin.

"A'a! Kada ku amsa!"

Ba Rachel ba ce. Mama Salome ce a tsaye, hannu ɗaya a sama.

"Ɗana ne! Ban ga gawarsa ba! Wa ya ce ku ba shi hutawa a can? Ya dawo gida ya huta!"

Sauran maganar da Kambarci ta fito, kuka ya haɗiye rabi. Ba wanda ya yi tari. Fada ya sunkuyar da kai ya jira. Rachel ta miƙe ta rungume tsohuwar, sai ta ji kukan da ta riƙe damina uku ya ƙwace mata, a gaban kowa, ba ta ma ji kunya ba.

Katikis Andarawus ya sauko daga inda yake karatu, ya ninke 'yar takardar, ya sa a tafin Mama Salome, ya koma ya kira suna na gaba. Jama'a suka amsa a hankali.

Tsohuwar ta warware takardar ta riƙe ta a juye, ta ƙura mata ido.

"Maman Mercy, wannan ne sunansa?"

Rachel ta gyara mata ita, ta bi haruffan da yatsa. "Shi ne, Mama."

"To, mu tafi da shi gida."