Lawali Ɗan Rasha da Zuciyarsa

A Bungudu, in ka ce Lawali za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Ɗan Rasha har yara za su nuna maka shagon maganinsa. Yana saurayi gwamnati ta tura shi Rasha karatun likita. Bai gama ba. Shi ya ce sanyi ne ya koro shi, matarsa Hasana kuwa ta ce jarrabawa ce.

Tsarabar da ya dawo da ita dai hular gashi ce da labari guda: yadda likitocin Rasha na farko suka fara nazarin zuciyar da bugunta ke rikicewa, suna gwaji da zuciyar kwaɗo, na'ura tana zana bugun a takarda. Duk wanda ya shigo sayen maganin ciwon kai sai Lawali ya kama masa wuyan hannu, ya lumshe ido, ya fara labarin kwaɗi. Ya tsufa yana neman zuciya mai tuntuɓe, amma mutanen Bungudu, don rashin kara, zukatansu lafiya lau.

Wata ranar kasuwar Tsafe ya je sarin kaya, jiri ya kwashe shi a tasha. Dibora, tsohuwar nas da ke sayar da atamfa a wurin, ta riƙe hannunsa, ta ɗago kai.

"Baba, zuciyarka tana tsalle."

"Ɗiyata, ni za ki gaya ma zuciya? Yunwa ce kawai."

Ba ta saurare shi ba, ta sa shi a mota zuwa Gusau. A asibiti aka manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta fitar da doguwar takarda. Likita Tajuddeen, wanda bai kai shekarun ɗan Lawali na fari ba, ya ce bugun ba ya tafiya daidai, kuma da alama ya daɗe a haka.

Hasana, da aka kira ta iso asibitin, ta fara salati tana kuka. Lawali ya karɓi takardar ya ƙura mata ido, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

"Ita ce! Wallahi ita ce aka koya muna!" Ya juya ga likitan. "Ka san da kwaɗo aka fara?"

"Na sani, Baba. Yanzu dai a bar goro da shayi mai kauri, a sha magani kullum."

Nan murnar ta ragu. Maganin yana sha, don Hasana ke miƙa masa da hannunta bayan asuba, ta tsaya sai ya haɗiye. Goro ne aka kasa daidaitawa. Ta bi masu goron unguwa ɗaya bayan ɗaya ta gargaɗe su, suka ji tsoronta suka daina sayar masa. Shi ya sa yanzu duk wata gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure daga Bungudu har Wanke, Lawali ne a sahun gaba, ko bai san masu gidan ba. Mutane suna ta yaba zumuncinsa.