Makullan Asata

Ni tela ne, ban yi boko ba, jarida ma sai an karanta mini. Shagona yana unguwar Asata a Inugu, aikina wuyan riga da hula. Da ƙasa ta rikice, 'yan shekaru bayan samun 'yanci, mutanenmu suka fara bin jirgin ƙasa zuwa Arewa. Duk mai tafiya sai ya biyo ta shagona ya ajiye makullin ɗakinsa ko na rumfarsa, wai sai ya dawo bayan Sallah. Haka muka ɗauka dukanmu.

Makullai suka cika gwangwani. Ban iya surutun siyasa ba, abin da ke cina a rai sai na bar wa allura. Na shimfiɗa babban farin yadi, na yayyanka tsofaffin atamfofin jam'iyyu na jera a kai, ban bar fuskar kowa cikakkiya ba. Gefen na shafe shi da garin kwal. Sannan na shiga ɗinka makullan. Wanda muke sa ran yana raye, farin zare, ɗinki sako-sako, don in ya dawo in tsinke in miƙa masa. Wanda aka tabbatar ya rasu, baƙin zare, in ɗaure tam.

Akwai wani dillalin shanu da ya bar mini makullin rumfarsa ya tafi Fatakwal, shiru. Yayansa, mahauci, ya zo ya tsaya a kaina.

"Malam, sa masa baƙi kawai. Don matarsa ta shiga takaba, mu san inda muka dosa."

"Ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba."

"To nima ban gani ba."

"Kai alƙali ne ko tela?"

"Tela. Kai ne ka kawo shari'a shagon tela."

Ya tafi yana gunaguni. Ita kuwa matar dillalin, kullum da safe sai ta tsaya bakin ƙofa, ta gaishe ni, ta dubi farin zaren nan, ta koma. Na san abin da take zuwa dubawa, don haka ban taɓa shi ba.

Ana nan sai wani direban babbar mota ya iso, ya ce da shi aka yi wa dillalin sutura. Matar ta zo, ba ta yi kuka a gabana ba. Na ɗauko baƙin zare, ta miƙo hannu.

"Baba, ba ni."

Ta tsinke farin, ta ɗinka da kanta. Ɗinkin a karkace, duk wanda ya san aiki zai gani. Ban gyara ba.

Da tamu tafiyar ta zo, na naɗe yadin cikin tabarma, na cusa tsumma tsakanin makullan don kada su yi ƙara a hanya. Yana rataye a ɗakina har yau. Fararen zaren sun fara sakewa. Nata ko motsi bai yi ba.