Zumar da Ban Kai Makera Ba

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana cina a rai, amma a sakaya sunana da na garinmu. A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne, na gama jami'a na gama bautar ƙasa, ina ji da kaina kamar a kaina aka fara ba da digiri. Ni ne ɗan fari a gidanmu, a wani ƙaramin gari cikin jihar Bauchi. Mahaifina manomi ne, kuma yana ɗaura amya a kan itatuwa yana ɗiban zuma, sana'ar da ya gada wurin nasa mahaifin. Mutum ne marar yawan magana. Idan ya yi fushi shiru yake yi, idan ya yi murna ma shirun ne, sai dai wanda ya zauna da shi ya san bambancinsu. Ni kuwa ban taɓa tsayawa na koyi bambancin ba, don a ganina duk wani abu mai muhimmanci yana cikin littafi ne ko cikin waya.

Allah ya taimake ni na samu aiki a wani kamfanin sarrafa abinci da ke Kudenda, a Kaduna. Ban taɓa kwana a garin ba, iyakacina da shi wucewa a mota. Wani abokin karatuna ya nemo mini ɗaki a Barnawa, a wani gidan haya mai mutane iri-iri. Ranar tafiyata Baba ya rako ni tasha da kansa, abin da bai yi ba ko lokacin da zan tafi jami'a. Sai da aka gama ɗaure kaya direba ya tayar da mota, sannan ya zaro wata ƙaramar jarka daga cikin buhun da ya rataya, an naɗe bakinta da leda an ɗaure da tsumma. Ya ce zuma ce, in kai wa Baffana a Makera, in ba shi hannu da hannu, in ce daga gida. Ya kwatanta mini wurin, ya ce in na isa unguwar in tambayi mai gyaran keken ɗinki ɗan garinmu, kowa ya san shi. Na ce to, na tura jarkar ƙarƙashin kujera, hankalina yana kan garin da zan shiga.

Wannan Baffa ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tafi Kaduna tun masaƙu suna aiki, da aka rufe su ya buɗe rumfar gyaran keken ɗinki ya ci gaba da zamansa. Rabonsa da gida tun rasuwar kakata, ina makarantar sakandare. Na san an samu saɓani a lokacin, don motarsa ta lalace a hanya bai iso ba sai bayan an binne ta, Baba kuma ya faɗa masa wata magana mai zafi a gaban jama'a, shi kuma ya juya a ranar bai ko kwana ba. Daga nan ba a ƙara ambaton sunansa a gidanmu ba. Amma ni ban haɗa wannan da jarkar da ke ƙarƙashin ƙafata ba. Na ɗauka tsaraba ce irin wadda ake ba duk matafiyi.

Kaduna ta karɓe ni da hidima. Kullum da safe in hau keke napep daga Barnawa, mu bi ta Kakuri mu gota Makera, in sauka Kudenda, da yamma in biyo ta hanyar a gajiye. Wato kullum sai na wuce ta bakin unguwar Baffa a zuwa da dawowa. Satin farko na ce sai na huta. Sati na biyu na ce sai an yi albashi, don kada in je hannu rabbana ban ƙara komai a kai ba. Amma gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce tsoro nake ji. Na san halin manyanmu, da zarar Baffa ya gan ni zai ce ba zai yiwu ɗan yayansa ya zauna gidan haya yana garin ba, in kwaso kayana in dawo gidansa. Ni kuwa a karo na farko a rayuwata ina da mukullin ɗaki nawa ni kaɗai, in fita lokacin da na ga dama, ba mai tambayata ina na tsaya. Ban so in rasa wannan ba. Jarkar ta zauna a bayan ƙofa, kullum na gan ta in ce gobe.

Da damina ta yi nisa mura ta kama ni da tari. Wata safiya na dubi jarkar na ce cokali ɗaya ba zai nuna ba. Na warware tsumman na zuba a shayi. Wanda ya san zumar ɗorawa ya san ba a tsayawa a cokali ɗaya. Maƙwabcina wani bakanike ne ɗan ƙabilar Ibo, haihuwar Kaduna, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, yana aiki a Kakuri. Ya shigo duba ni ya ɗanɗana, ya rantse bai taɓa shan zuma ta gaskiya ba sai ranar, ya ce duk wadda ake sayarwa a kan hanya sukari ce aka dafa. Ya riƙa tsokanata wai ashe ni ɗan sarkin zuma ne nake ɓoyewa. Na ji daɗin yabon, na cika masa kwalba ya kai wa 'yarsa mai tari. Da labari ya kai wurin aiki, ogana ya ce yana so, ni kuma sabon ma'aikaci mai neman shiga, na cika masa babbar gora. Kafin in farga jarkar ta koma sai an kifa ta ake samun abin lasa.

A tsakanin nan ne Baba ya kira ni. Ba ya kira sai da dalili, kuma bayan gaisuwa ya tambaya ko na kai saƙon. Bakina ya riga tunanina, na ce na kai. Sai ya tambaya me Baffan ya ce. Na ce ya ce an gode. Ya sake tambaya ko shi ke nan abin da ya faɗa, bai ƙara komai ba, bai buɗe ya duba ba. Na ce a'a, an gode kawai ya ce, na same shi yana cikin aiki. Na zaɓi gajeriyar amsa ne don kada in yi doguwar ƙarya a kama ni. Baba ya ce to madalla, ya kashe wayar. Ban san cewa da wannan kalma guda na sa wa Baffa amsar da ta fi zagi ciwo ba.

Daga ranar na ɗaure kaina. Da can jinkiri ne kawai ya hana ni zuwa, yanzu kuwa idan na je, ko da na sayi wata zumar, Baffa zai iya kiran Baba ya yi godiya, a gane sai yanzu na kai. Sai na daina ko duban ɓangaren Makera idan keke ya zo wucewa. Da na je gida Sallah, muna zaune a zaure Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi dai ya yi nasa, wanda aka miƙa wa hannu ya ƙi kamawa ba a bin sa da gudu. Na ji maganar ta taɓa ni, na gane akwai abin da ya fi tsaraba a cikin jarkar nan. Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Na buɗe baki, na tuna yadda yake gabatar da ni ga mutane a masallacin idi yana cewa ga ɗansa da ke aiki a Kaduna, sai na rufe bakina na ci gaba da cin tuwo.

Bayan wasu watanni Baba ya sake kira, ya ce direban garinmu ya kawo labarin Baffa ba shi da lafiya. Ya ce shi ba zai je inda ba a bukatarsa ba, amma ni tunda na san gidan in leƙa in duba shi. Na ce zan je ranar Asabar. Wannan karon da gaske nake, har na je kasuwa na sayi zuma a kwalba, na shirya zan durƙusa in faɗa wa Baffa komai. Ranar Alhamis da hantsi ina wurin aiki Baba ya kira, ya ce Baffa ya rasu da asuba, shi kuma ya riga ya kamo hanya, in tare shi a tasha in kai shi gidan.

Ya iso bayan la'asar, an daɗe da dawowa daga maƙabarta. Muka hau keke zuwa Makera, mai keke ya tambaya wane layi. Na ce ya dai shiga. Muka shiga wani layi muka fito, muka sake shiga wani, gumi yana keto mini. Ƙarshe na tsayar da shi na tambayi wani mai shago gidan mai gyaran keken ɗinki da ya rasu yau, ya nuna mana can baya, inda muka riga muka wuce. Baba yana gefena, hannunsa a kan gwiwa, yana jin tambayar da na yi. Bayan mun yi gaisuwa a waje aka shigar da mu wurin matar Baffa. Ta gaida Baba tana kuka, sannan ta dube ni ta tambaya ko wannan ne yaron da aka ce yana aiki a Kudenda, ta ce ashe haka na girma, rabonta da ni tun ina ɗan firamare.

Ba ta san abin da ta tona ba, ta ci gaba da magana kamar yadda mai makoki kan yi. Ta ce tun da Baffa ya zo Kaduna, kowace shekara zumar farko da aka ɗiba daga amyar da mahaifinsu ya ɗaura a kan ɗorawar gona, tasa ce, yayansa yake aiko masa. Tun ranar saɓanin zumar ba ta ƙara zuwa ba. Ta ce ta sha roƙon Baffa ya kira waya, yana cewa shi ya san Yaya, ba ya ba da haƙuri da baki, ranar da zuma ta zo ranar ya huce, shi kuma washegari zai kama hanyar gida. Da ya ji ɗan yayansa ya samu aiki a garin, sai ya ce mata zumarsa tana hanya. Ya sa aka share ɗakin zaure aka sa sabuwar katifa. Ya riƙa zama a bakin rumfa yana bin duk saurayin da ya sauka daga keke da kallo. Da aka daɗe, sai wata rana ya ce a mayar da kayan da aka kwashe daga ɗakin, Yaya bai huce ba.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira Baba ya nuna ni da yatsa, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya share fuskarsa da hannun riga, ya ce mata laifinsa ne, shi ya yi jinkiri, ta yafe masa. Ya zauna a gidan har aka yi sadakar uku, a ɗakin zauren ya kwana. Ranar da zai koma na durƙusa a gabansa a tasha ina kuka ina ba shi haƙuri. Ya ce in tashi mutane suna kallo, ya yafe. Abu ɗaya ya tambaye ni, ko jarkar tana nan. Na koma Barnawa da gudu na ɗauko ta, ya karɓa ya sa a buhunsa ba komai a cikinta. Da shekara ta zagayo, shi da kansa ya hau mota da jarkar cike ya kai wa matar Baffa da 'ya'yanta, kuma haka yake yi har yanzu duk da ciwon ƙafa.

Na rubuto wannan ne saboda matasan da ke barin gida su shiga sabon gari da kwalin digiri a jaka. 'Yancin da nake karewa ɗaki ɗaya ne da mukulli, a kansa na hana 'yan'uwa biyu yin sallama da juna. Idan babba ya ba ka saƙo, ba lallai ka san nauyinsa ba, don manyanmu ba komai suke faɗa da baki ba. Ka kai shi kafin ka kwance jakarka. In kuwa ka yi jinkiri, ka ce ban kai ba tukuna, kunyar ba ta wuce ta rana ɗaya. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, ni kuwa aron ƙafata aka yi na zauna a kanta.

Yanzu ina da aure da 'ya'ya, ina nan Barnawa, kuma ina zuwa Makera a kai a kai, sai dai wanda ya share mini ɗaki ba ya nan. Baba yana karɓar gaisuwata, yana wasa da jikokinsa, bai taɓa tayar da maganar ba. Amma tun daga ranar bai ƙara aikena ba. A Sallar da ta wuce goronsa ya ƙare muna zaune a zaure, na miƙe na ce bari in sayo masa. Ya ce in zauna in huta, ya lalubi sandarsa ya fita da kansa.