Man da Na Ba Kunkuru

Shekarar da aka hana hawa babur a Maiduguri, ni aka fara hana wa tuwo. Tun ina da baƙin gashi nake gyaran keke da babur a Mafoni, rana ɗaya na wayi gari ba abin gyarawa sai zaman hulata. Da ƙyar wani Alhaji ɗan kwangila ya ɗauke ni gadi a filinsa na Jiddari Polo. Ya ce, "Baba, gadi kawai. Kada ka gyara komai." Na ce to. Baki takwas ke jiran aikin nan a gida, ban da nawa da ya rasa haƙora.

Abin da nake gadi wata 'yar ƙaramar katafila ce mai taya huɗu da cokali a gaba, muna ce mata Kunkuru. Ba ta da sitiyari. In za ta juya, tayoyin dama su yi gaba, na hagu su yi baya, ta murje ƙasa ta juya a inda take. Aji uku na yi a firamare, amma ba a koya mana yadda abu zai yi gaba da baya lokaci guda kuma ya isa ba. Aikinta a lokacin tara tudun ƙasa a bakin masallatai da makarantu, don kada mota ta matso.

Direbanta Ibo ne, Hausarsa ta kasuwa. Wata rana da la'asar ya dawo, ya dafa cibiyar tayar baya, ya janye hannu da sauri. "Baba, ƙafan nan yana zafi, yana kuka. Boris yana son mai." Boris dai shi ne zoben ƙarfe mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kansa.

Mai! To, a nan aka zo gidana. Na mota mai, na miya mai, na shafawa mai, mu nan Barno ko sarakunan da Mai ake ce musu. Bai ce wanne ba, bai ce ta ina ba. Ni kuwa duk abin da ya yi kuka a hannuna, sarƙa ko feda, baƙin mai nake ba shi ya yi shiru. Ina da sauran galan ɗaya daga tsohuwar rumfata. Kullum da safe kafin direba ya iso, sai in tsuguna in ɗuɗɗura mata a bayan taya, har da bismilla.

Kukan bai tsaya ba. Na ce ba ta ƙoshi ba ne, na ƙara. Cikin mako biyu ta koma gurnani, a zamanin da ko murfin tukunya ya faɗi sai an watse. Mai shayin bakin titi sau biyu yana barin butarsa.

Sai ga Alhaji da makanike. Aka ɗaga Kunkuru, makanike ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi gwal-gwal kamar haƙorina na ƙarshe. Da ya cire ta, sai ga baƙin taɓo ya daskare a wurin.

Makanike ya ce, "Wane ɗan albarka ne ya yi wannan?"

Ya yi mana bayani. Wai boris ɗin nan daga ciki yake shan mai, daga akwatin sarƙa. Akwai wata roba da ke tsare man ciki, ta hana yashi shiga. Man waje ya tara yashi, yashi ya cinye roba, na ciki ya tsiyaye, boris ya yi ta gudu a bushe har ya niƙe.

Alhaji ya juya kan direba. "Kai ne?" Direba ya taɓa harshe ya nuna sama. Na ga za a kori ɗan mutane a kan aikin hannuna, ga kuma galan a ƙarƙashin bencina, ɗigonsa ya yi layi har gindin taya.

Na ce, "Alhaji, ni ne. Amma malam makanike, tsaya. Wato don na ba ta mai ne ta rasa mai?"

"Haka ne, Baba."

"Da na bar ta da ƙishi fa?"

"Da na ciki kawai za a ƙara mata, a ɗaure noti."

Direba ya ɗora hannu a ka. "Baba, na ce yana son mai, ban ce ka ba shi ba!"

Na ce, "A garin nan in aka ce baƙo yana son ruwa, ba a jiran takarda."

Ba wanda ya yi dariya. Na fara tunanin abin da zan gaya wa tsohuwata. Makanike ya ce sabon boris sai daga Kano, hanyar kuwa yau a buɗe, gobe a rufe.

Alhaji ya juyo kaina. Ya ce, "Korar ka na yi niyya. Amma wa zan samu ya zauna da gurguwa sai ranar da hanya ta ga dama? Kai ka karya ta, kai za ka yi jinyarta." Ya ɗauki galan ɗin da hannunsa ya sa a bayan motarsa.

Mako uku na yi ina jinya, tana kan bulo da ƙafa uku. Direba kan leƙo da hantsi, ya zauna a bencina ya ce, "Baba, ina jin ƙishi. Don Allah kar ka ba ni komai."